Me ya sa ake cewa wata nas tana da "sauƙin hannu"?

Ɗalibar jinya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum manyanmu. Allura ɗaya, magani ɗaya, amma majinyaci ya ce ta wance ba zafi, har ya jira sai ta zo aiki. Baiwa ce ko ana koyonsa?

Sista, Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Koyonsa ake yi. Idan kin goge fata da sifirit, ki bari ya bushe kamar daƙiƙa 30, don jiƙaƙƙen sifirit ne ke bin allura ya sa raɗaɗi. Ki tura maganin a hankali, kusan daƙiƙa 10 ga kowace ml 1 (mililita, ma'aunin da ke jikin sirinji). In ta ɗuwawu ce, ya kwanta rubda ciki ya karkato yatsun ƙafa ciki, nama zai saki. Ki soka ta sama can gefen waje, nesa da babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Kuma ki faɗa masa kafin ki soka. Wanda aka shammata yakan ɗaure jiki, sai zafin ya ƙaru.

Malamin jinya, Argungu:
Sista ta gama da allura. Ni abin da ya fi damuna shi ne "da sauƙi". Mutumin nan yana murƙususu, ki ce "Baba, ya jiki?" ya ce da sauƙi, don haka tarbiyya ta koya masa. Kada ki rubuta hakan ki wuce. Ki ce ya nuna wurin da yatsa, ki tambaya ko ciwon ya hana shi barci ko sujada. Mace kuwa ba za ta ambaci jini ko yoyon fitsari a gaban suruka ba. Ki ja labule, ki nemi masu jinya su ɗan ba ku wuri, ki buɗe inda za ki duba kaɗai. Dattijuwar Zuru ko Bafulatanar da Hausarta ba ta nuna ba, a samo mata mace mai fassara, ba ɗanta namiji ba.

Sista, Gusau:
Na manta da wanda ba ya iya juyawa. A juya shi duk bayan awa 2, a duba dunduniya, ƙugu da ƙasan baya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai ki taɓa: wurin ya fi zafi, ya taurare ko ya yi duhu? Gyambon kwanciya ke tafe. Kada a murza wurin, sai dai a ɗauke masa nauyi da matashi. Da zafin Afrilu, gumi kan ledar katifa na saurin jiƙa zani, sai a canza da zarar ya jiƙe.