Wace kalma za mu ba "craquage" a Hausa?

Mai fassarar labarai a rediyo, Damagaram:

Assalamu alaikum, malamai. Duk lokacin da labari ya shafi matatar mai ta SORAZ da ke jihar Damagaram, kalmar da ke tsayar da mu a ɗakin fassara ita ce "craquage". Kalmar matata kam ta zauna a bakin kowa tun da aka buɗe wurin a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Tanut, amma wannan ɗayar wasu abokan aiki suna cewa "tacewa", wasu kuma suna barin ta da Faransanci su wuce. Ina roƙon a taimaka mana da abin da za mu tsaya a kai.

Malamin kimiyya a lise:

Wa alaikumus salam, ƙanena. "Tacewa" ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, domin ayyuka biyu ne mabambanta. Idan ɗanyen mai ya iso ta bututu daga rijiyoyin mai na Agadem, ana fara dafa shi ne har zafinsa ya kai wajen digiri 350, sannan a tura shi cikin wata doguwar hasumiya, inda mai sauƙi yake tashi sama a matsayin tururi, mai nauyi ya kwanta a ƙasa. A nan rarrabewa kawai aka yi, babu abin da ya sauya halitta: gas ya fita ta ƙoli, isansi (wato fetur) a ƙasansa, gazuwal (wato dizal) a tsakiya, sai wani baƙin mai mai kauri ya rage a gindi.

Wannan ragowar ita ce damuwar kowace matata, saboda tana da yawa kuma a kasuwa takan yi araha fiye da ɗanyen man da aka saya. To "craquage" shi ne aikin da ake yi mata. Ana haɗa ta da wata hoda mai zafin gaske, a wajen digiri 500, sai dogayen ƙwayoyin da ke cikinta su kakkarye su koma gajeru, irin waɗanda ake samu a isansi da gas. Hodar ba ta ƙarewa. Takan yi baƙi da gawayi, a ƙone gawayin a wata tukunya ta dabam, ta dawo aiki. Wani injiniya Bafaranshe, Eugène Houdry, shi ne ya fito da amfani da irin wannan sinadari a shekarun 1930.

Ribar matata a tsakanin kuɗin gangar ɗanyen mai, wadda take lita 159, da kuɗin abin da aka fitar daga cikinta take. Matata irin SORAZ, wadda aka gina don ganga 20,000 a rana, duk litar da ta mayar isansi daga wannan ragowa kuɗi ne, kuma ita ce ɗan kabu-kabu zai sha a tasha. Ni dai "fasawa" nake cewa a aji.

Tsohuwar malamar Hausa:

Malam, bayaninka ya gamsar, amma "fasawa" tana da haɗari a rediyo. Idan mai karanta labarai ya ce "an fasa mai", wani zai ji kamar bututu ne ya fashe, wani ya tuna da fasa-ƙwauri, mai karantawa a takarda kuwa zai iya ɗauka cewa an janye aikin ne, kamar yadda ake fasa tafiya, tunda rubutunsu ɗaya ne. Abin da ka kwatanta sunansa "ɓarza". Wadda ta kai masara inji ta ce a ɓarza mata ta san abin da take so: a karya ƙwayar ta koma ƙanana daidai bukata, kada a niƙe ta ta zama gari. A matata ma, in na fahimce ka, idan karyawar ta wuce kima sai gas ya yi yawa, isansi ya ragu.

Malamin kimiyya a lise:

Haka yake, Hajiya, kuma wannan iyakar ce "fasawa" ba ta nunawa. Abin da kawai zan ja hankali a kai shi ne, ɓarzar hatsi da ƙarfin dutse ko ƙarfe ake yin ta, wannan kuwa da zafi da sinadari, saboda haka a farkon amfani a riƙa cika ta: "ɓarzar mai da zafi", ko "ɓarzar mai da sinadari" idan da hodar aka yi, domin duka hanyoyin biyu suna nan a masana'antar.

Mai fassarar labarai a rediyo:

Na gode, Hajiya, na gode, Malam. Na gwada ta a jimla kuma ta zauna: "An dakatar da sashen ɓarzar mai domin gyara, abin da zai rage yawan isansin da matata ke fitarwa." Hasumiyar farko kuma za mu ce "sashen rarrabe mai". Saura sunan hodar nan, "catalyseur". Wani abokin aiki ya kawo "sinadarin zuga", ina jiran ra'ayinku kafin labaran yamma.