Neman kalma: "inner city" da "community board", kafin ƙarfe 6

Maman Hanif: Assalamu alaikum malamai. A taimaka min, lokaci ya ƙure. Edita ya ɗora min fassarar rahoton minti huɗu kan Kudancin Bronx a birnin New York, za a sa shi a shirin ƙarfe 6 na yamma. Kalmomi biyu sun tsaya min a maƙogwaro: "inner city" da "community board". Ta farko na rubuta "cikin gari", na karanta a bayyane a ɗakin ɗaukar murya, sai yaron da ke kan na'ura ya ɗago kai ya ce, "Anti, ashe unguwar manya ce?" Nan na san na yi kuskure.

Ta biyun ga yadda abin yake. Birnin yana da irinsu 59, guda 12 a Bronx. Kowanne mutanensa ba sa wuce 50, ba a biyansu ko sisi, kuma ba zaɓensu ake yi ba. Na Bronx ɗin, shugaban Bronx ne ke naɗa su na shekara biyu, rabinsu daga sunayen da kansilolin yankin suka miƙa masa. In za a sauya ƙa'idar amfani da wani fili, a ce za a yi dogon bene, sai an kawo gabansu, suna da kwana 60 su saurari jama'a su faɗi ra'ayinsu. Amma ra'ayi ne kawai, ana iya tsallake shi a wuce.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Yaron ya yi gaskiya. "Cikin gari" a kunnen Bahaushe asali ne, wurin ganuwa da fada da babban masallaci, wurin da mutum ke bugun ƙirji ya ce nan aka binne cibiyarsa. Ki sa "ƙwaryar birni", ita muka saba ji a labarai. Ɗayar kuma "majalisar unguwa".

Maman Hanif: Yaya, ƙwaryar birnin New York ai Manhattan ce, inda bankuna suke. Bronx tana can arewa da ita, sai an ƙetare kogin Harlem. Kalmar ba wai tsakiya take nufi ba. Tana nufin tsofaffin unguwannin da masu hali suka tashi suka bar wa talaka. A nan ma haka aka yi: Robert Moses, jami'in da ke tsara manyan ayyukan birnin, ya ratsa babban titi ta tsakiyar gidajen mutane, masu kuɗi suka koma bayan gari, a shekarun 1970 gobara ta yi ta cin gine-gine, har shugaba Jimmy Carter ya je ya tsaya cikin kufai a 1977.

Ɗan Sahel: Ku dai ku yi hattara da duk kalmar da ke nuna wuri. Mu da muka tashi da Faransanci mun san a Paris abin juye yake: masu kuɗi na tsakiya, talaka na gefe. Tarzomar 2005 daga Clichy-sous-Bois ta tashi, can bayan gari. In kuka kafa "ƙwarya" yau, gobe rahoton Faransa zai zo ku rasa abin faɗa. Ni "unguwannin marasa galihu" nake so.

Malamin Nahawu: Duk kuna kewaye-kewaye. Kalmar tana nan, na daɗe ina faɗa: ƘURYAR BIRNI. Ku dubi ƙuryar ɗaki. Tana ciki, ba a waje take ba, amma haske bai kai mata, tsintsiya ba ta kai mata sai an ga dama, kuma nan ake tura tarkacen da ba a son baƙo ya gani. Ba ta ce tsakiya ba, ba ta ce gefe ba, ta ce wurin da aka manta. Wace kalma ce ta tara wannan duka? "Marasa galihu" bayani ne, ba suna ba. Harshen da kullum sai ya yi bayani mai gaɓa bakwai inda wasu ke faɗin gaɓa huɗu, harshe ne da masu shi suka yi lalaci.

Sadiq_Abba: Baba, da girmamawa, in mai karanta labarai ya ɗan yi sauri zai fito "ƙaryar birni" 😂 Ƙurya, ƙwarya, ƙarya. A rediyo fa za a ji, ba a takarda ba. Me ya hana a ce geto kawai? Kowane yaro ya san ta.

Malamin Nahawu: Kowane yaro ya san abubuwa da yawa da bai kamata ya sani ba.

Anti Malama: Sadiq, geto ba ta shiga labarai. Asalinta unguwar da aka killace Yahudawa ce a Venice tun 1516, ana kulle musu ƙofa da dare. Matasa na faɗinta da alfahari a junansu, amma in gidan rediyo ya liƙa wa unguwar mutane ita, zagi ne. Malam, ƙuryarka ta burge ni, wallahi zan ara in ina koyarwa. Sai dai mai sauraro da ke tuƙi ba shi da lokacin warware hikima.

Mu koma ta biyun, lokacin baiwar Allah nan na tafiya. "Majalisa" ba ta yi ba. Birnin na da majalisarsa ta gaske mai kansiloli 51 zaɓaɓɓu, su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗi. In aka kira waɗannan ma majalisa, mai sauraro zai ɗauka suna da haƙora. "Hukuma" ta fi muni. Ni "kwamitin unguwa" na gani.

Baban Walid: Ko "dattawan unguwa"?

Maman Hanif: Ɗan shekara 16 ma doka ta yarda a naɗa shi, Yaya. Na so in ce "'yan sa-kai" tunda kyauta suke yi, sai na tuna abin da mutanenmu za su hango: gora da bindigar toka.

Malamin Nahawu: Kwamiti! To ga shi nan. An zo neman Hausa an koma da Turanci sanye da hula. Wannan ita ce cutar 'yan jarida: kwamiti, kansila, ciyaman, bajet. ZAUREN UNGUWA. A zaure ake zama, a saurari kowa, a yi shawara, amma hukunci na cikin gida wurin mai gida. Daidai da abin da ta kwatanta, ba ragi ba ƙari.

Ɗan Sahel: Malam, majalisa da hukuma da wakili da shawara duk daga Larabci suka zo, ban ji ka kore su ba. Ko baƙon da ya zo a raƙumi ɗan gida ne, wanda ya zo a jirgi bare?

Malamin Nahawu: Wanda ya yi shekara ɗaruruwa a gida ya auri 'yar gida. Kuma ku da kuke cusa Faransanci a kowace jimla ba ku ne za ku koya mana tsarkin harshe ba.

Ɗan Sahel: Mu aƙalla "magajin gari" muke cewa, ba ciyaman ba. A je a saurari Hausar ƙauyukanmu a gwada da ta manyan biranenku, a ga wa ya fi riƙe kayan kaka.

Sadiq_Abba: An fara. Duk zaren da aka buɗe a nan sai ya ƙare a "wa ya fi wa Hausa".

Malamin Nahawu: Yaro, lokacin da muke gyara rubutun ɗalibai da jan biro ba a haife ka ba. Daidaitacciyar Hausa ba a wayar hannu aka tsara ta ba.

Anti Malama: Malam, Allah ya huci zuciyarka, ba wanda ya raina aikinka. Amma "zaure" ta riga ta tafi wani wurin. Yau in ka ce zaure, ko dai zauren majalisa ne, wato ɗakin, ko zauren WhatsApp. Wuri take nunawa, ba mutanen ba. Yaya za ta ce "zauren ya ƙi amincewa da ginin da ƙuri'a"? Kuma a lura da "wakilai" ma, kada ta shiga rahoton da ido rufe. Wakili wanda ka aika ne. Waɗannan daga sama aka naɗo su, kuma tsohon ƙorafi ne a birnin cewa masu gidan kansu da tsofaffin 'yan siyasar unguwa sun fi 'yan haya samun kujera. Har sai da masu zaɓe suka sa musu iyaka a 2018: wa'adi huɗu a jere, shekara takwas ke nan. In kika ce "wakilan unguwa" kin yanke hukuncin da rahoton bai yanke ba.

Maman Hanif: Anti, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A cikin rahoton akwai wata dattijuwa 'yar unguwar Mott Haven da ke kukan hayaƙin manyan motoci da ciwon asmar jikokinta, tana cewa ta je taron ta yi magana, an rubuta, shi ke nan. Dole sunan ya nuna masu ji ne, ba masu yi ba. Saura minti 40. Ga abin da na rubuta: "kwamitin ba da shawara na unguwa" a ambaton farko, daga nan "kwamitin". Ɗayar kuma "tsofaffin unguwannin talakawa na cikin birni".

Ɗan Sahel: "Talakawa" ta fi "marasa galihu" gajarta, na yarda. Amma "na cikin birni" ɗin ba za ta yi muku aiki a Paris ba, na faɗa.

Malamin Nahawu: Kalma shida a madadin biyu. Ku je ku yi. Zaure na janye, don hujjar Malama ta shige ni, ba don kwamiti ta zama Hausa ba. Ƙurya kuwa ban janye ba.

Maman Hanif: An watsa, alhamdulillah, na gode muku duka. Edita ya yanke "tsofaffin" saboda daƙiƙa uku. Malam, a rufewa na saka "waɗanda aka tura ƙuryar birni", a matsayin kwatance, na kuma ja wasalin a hankali don Sadiq. Edita bai taɓa ta ba.

Malamin Nahawu: Suna na ba ki, ba kwatance ba. Amma to.

Baban Walid: Shi shugaban Bronx ɗin fa, me kika kira yankin nasa? Gunduma ko ƙaramar hukuma?

Maman Hanif: Ban kira shi komai ba, Yaya. "Shugaban Bronx" na ce na wuce da gudu.