Hoton Kano daga sama: na kamara ko na rada?

ƊanKura: Salam 'yan uwa, ina so in bambance cikin birnin Kano da gonakin shinkafar Kura a hoton satilayit, amma na Sentinel-2 (satilayit mai ɗauka da kamara) na watan Agusta duk gajimare ya rufe shi, don Allah ya zan yi?

Mai_Taswira: Sauke na Sentinel-1 mana, rada ce (na'urar da ke aika siginal ƙasa ta auna abin da ya dawo), tana ratsa gajimare, dare da rana duk ɗaya a wajenta kuma kyauta ne. Gine-gine za ka gan su fari fat don bango yana maido da siginal, gonar da ruwa ya kwanta kuwa baƙi ƙirin.

Ummi: Amma fa malam rada ba ta nuna kore, ga ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Lafiyar shuka sai Sentinel-2, jira Oktoba sama ta washe.

ƊanKura: Na gode, bari in haɗa biyun.