Maigida zai kawo kwikwiyo don gadi, me ya kamata in shirya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a sabuwar unguwa bayan gari, gidaje jefi-jefi, kwanaki ɓarayi suka haura katanga suka kwashe mana awaki. Karyar abokin maigida ta haihu, ya ce zai ba mu kwikwiyo ɗaya. Satinsu huɗu. Ban taɓa zama da kare ba, ga yara ƙanana, ga Hajiya surukata ta ce in ya shigo ta daina cin abincin gidanmu. Don Allah a ba ni shawara.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ku bar shi wurin uwarsa sai ya cika sati takwas. Wanda aka raba da nono da wuri ba ya ƙwari, ga kukan dare. Kafin nan a yi masa 'yar rumfa mai inuwa a bayan gida, nesa da madafa.

Anti Likita: 'Yar uwa, aikina ne wannan, kuma abin da ya fi damuna yaran nan ne. Ranar da kuka karɓo shi, asibitin dabbobi za ku fara zuwa. A ba shi maganin tsutsar ciki, a fara allurar farbo, cutar nan mai sa gudawar jini da amai da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. In ya kai wata uku, a yi masa rigakafin haukar kare, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ki adana katin allurar. Haukar kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Ko yaƙushi ya yi wa yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kuma don Allah kada a shafa masa maganin feshin gona saboda kaska, yana lasa ya mutu. A abincinsa kuma, ban da albasa, ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji.

Malam Nasiru: Hadisi ya ba da izinin kare don farauta, kiwo da noma, malamai da yawa sun haɗa gadin gida a ciki in akwai buƙata. Kwanonsa daban, wanda ya sa baki a ciki a wanke sau bakwai. Kada ya shiga ɗakuna.

Ummu Aisha: Ki koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci, kada su ja masa wutsiya. Kuma kada a ɗaure shi yini guda cikin rana da sunan ya yi zafi, na gida zai fara ciza.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Hajiya fa?

Malam Nasiru: Wannan na maigida ne. Shi zai je ya same ta tun kafin a kawo shi, ya nuna mata inda za a ajiye shi, ya tabbatar mata ba zai kusanci madafa ko wurin salla ba.