Firinta tana aiki, amma sunanta ba ya fitowa a Excel

Akawun makaranta, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Ina aikin akawu a wata makaranta mai zaman kanta a nan Jos, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Kwamfutar ofishina tana ɗauke da Windows 10 da Office 2016, ita kuwa firintar tana ofishin shugaban makaranta, an jona ta da kwamfutarsa ta waya, sannan aka buɗe mana hanya domin mu riƙa aika aikinmu daga inda muke zaune. Tun bayan da wani mai gyara ya sake loda mini manhajoji, idan na buɗe jadawalin albashi a Excel na danna Ctrl da P, sunaye biyu kawai nake gani, wato Microsoft Print to PDF da Microsoft XPS Document Writer. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne firintar tana nan a jerin Printers & scanners, kuma idan na buɗe takarda a Chrome tana buga ta lafiya lau. Ban da wannan, Excel yana buɗewa yadda ya saba, sai dai yanzu yakan nemi kalmar sirrin da mai gyaran ya rubuta mini kafin ya buɗe. Ƙarshen wata ya kusa, ga rasit ɗin kuɗin makaranta suna jira. Me ya kamata in yi?

Mai shagon buga takardu, Terminus:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu na farko da za ki riƙe shi ne Excel ba shi da jerin firintoci nasa na kansa, Windows yake tambaya, Windows kuma ya tambayi wani sashe nasa mai suna Print Spooler, wanda shi ne yake jera takardu a layi kafin su isa firinta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugawa, kamar yadda yake yawan faruwa da mu a shago, guntun aikin da bai ƙare ba yakan maƙale ya hana wannan sashen tafiya daidai.

Ki rufe Excel, ki danna madannin Windows tare da R, ki rubuta services.msc, ki nemo Print Spooler ki tsayar da shi. Daga nan ki shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ki goge fayilolin da ke ciki, ban da ita jakar kanta, sannan ki koma ki tayar da shi. Bayan haka ki duba Printers & scanners, domin tun daga sabuntawar Nuwamba 2015 Windows 10 yake da wani zaɓi mai suna Let Windows manage my default printer, wanda yake mayar da firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe ta zama ta farko; ki kashe shi, ki zaɓi firintar makaranta da hannunki. Idan duk wannan bai yi ba, a ganina sai a cire Office a sake loda shi.

Malamin kwamfuta, Farin Gada:

Malam, na yarda da bayaninka na farko, amma ban goyi bayan cire Office tun yanzu ba, kuma ina shakkar cewa Print Spooler ne ya tsaya, domin da shi ne, da Chrome ma bai iya bugawa ba, kuma da ko waɗancan sunaye biyun ba su fito ba. Tunda wata manhaja tana ganin firintar wata kuma ba ta gani, abin da za a bincika shi ne bambancin da ke tsakanin manhajojin biyu.

Hajiya, ki buɗe Word ki duba ko shi yana ganin ta. Sannan ki riƙe Ctrl yayin da kike buɗe Excel domin ya tashi ba tare da ƙarin manhajojin da ake maƙala masa ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a ƙarƙashin File, Account, About Excel za ki ga ko naki mai bit 32 ne ko mai bit 64. Yawancin Office 2016 da aka loda a ofisoshi mai 32 ne a kan Windows mai 64, kuma irin wannan ba ya magana da direban firinta, wato manhajar da ke sarrafa ta, kai tsaye, sai ta hannun wani ɗan aike mai suna splwow64.exe. Idan ɗan aiken ya daskare, rufe shi daga Task Manager ya isa, zai sake tashi da kansa idan aka zo bugawa.

Tsohon ma'aikacin sashen kwamfuta, Bukuru:

'Yan'uwa, duk abin da kuka faɗa yana da amfani a wurinsa, amma ina ganin Hajiya ta riga ta ba mu amsar a cikin tambayarta, inda ta ce Excel yana neman kalmar sirri kafin ya buɗe. Excel ba ya yin haka idan an loda shi daidai. Alama ce ta cewa mai gyaran ya saita shi ya riƙa tashi da ikon mai kula da kwamfuta, alhali asusun da take shiga da shi na ma'aikaci ne mai iyakantaccen iko. Duk lokacin da ta rubuta wannan kalmar, Windows yana buɗe Excel ne da sunan asusun mai kula da kwamfutar, ba nata ba.

Ga inda firinta ta shigo cikin maganar. Firintar da aka jona kai tsaye da kwamfuta, kowane asusu yana ganin ta. Wadda aka ɗauko daga wata kwamfuta kuwa, kamar ta ofishin shugaban makaranta, Windows yakan rubuta ta ne a ƙarƙashin asusun da ya ɗauko ta kaɗai. Chrome yana tashi da sunan Hajiya, saboda haka yana ganin firintar. Excel yana tashi da sunan wani, saboda haka abin da kowa yake gani kawai yake nunawa, wato waɗancan biyun da suka zo tare da Windows.

Hajiya, ki danna alamar Excel da madannin dama na linzami, ki shiga Properties. A shafin Compatibility ki cire alamar da ke gaban Run this program as an administrator, sannan ki leƙa Advanced a shafin Shortcut, domin a can ma ana iya saita shi. Ba na ba ki shawarar ƙara firintar a wancan asusun, ko da yake hakan ma zai sa sunanta ya fito, domin buɗe fayilolin da ake turo miki ta imel da WhatsApp da cikakken iko kasada ce da ba ta da dalili.

Akawun makaranta, Unguwar Rogo:

Baba, Allah ya saka da alheri, haka abin yake. Alamar tana shafin Compatibility, ina cire ta Excel ya daina neman kalmar sirri, firintar kuma ta dawo. Na gode wa Malaman da suka fara amsawa. Sai dai yanzu jerin fayilolin da na buɗe kwanan nan ya canja, kuma jadawalin albashin wannan wata da na ajiye a Documents ba ya nan.

Tsohon ma'aikacin sashen kwamfuta, Bukuru:

Ki kwantar da hankalinki, bai ɓata ba. Kowane asusu yana da jakar Documents tasa, kuma duk abin da kika ajiye a 'yan makonnin nan ya tafi ta wancan asusun. Ki shiga C:\Users, ki buɗe jakar da ke ɗauke da sunansa, ki rubuta kalmar sirrin idan an nema, ki kwafo fayilolin zuwa taki, kada ki goge na asali sai kin buɗe kowanne kin tabbatar. Ki kuma sanar da shugaban makaranta cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 a ranar 14 ga Oktoba 2025, domin kwamfutar da ke riƙe da albashin ma'aikata ita ce ya kamata a fara sabuntawa a ofishin.