Sumutin ganye da safe: nawa ɗaci yake, kuma ba ya riƙe ciki

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masu yin sumutin ganye ku agaza min. Yau kwana tara ke nan da na mayar da shi karin kumallona. Da yake safiyata a guje take, da daddare nake haɗawa: alayyahu cikin hannu biyu, abarba yanka huɗu, ayaba biyu, madara kofi ɗaya. In markaɗa a bilenda, in juye a kwalba, in sa a firij. A daren in na ɗanɗana, daɗi kamar me. Gari na wayewa sai in tarar ya rabu gida biyu, tsararon ruwa a ƙasa, kumfa a sama, koren ya dafe, ga wani ɗaci a maƙogwaro kamar an jiƙa ƙwayar magani. Maigida ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin bai ce uffan ba, kuma tun ranar bai ƙara tambaya ba. Sannan kafin ƙarfe goma cikina ya fara kuka. Ganyen ne ya yi yawa, ko ni ce ban iya ba?

Uwar Kicin:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki daina zargin alayyahu, abarba da madarar da kike kwanarwa tare su ne masu laifin. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari, buromelin, mai farfasa furotin. Shi ne yake sa harshe zafi in an sha ta da yawa, shi ya sa ma ake tausasa nama da ita. In ya kwana da madara sai ya yi ta aiki a kan furotin ɗinta, ɗacin nan daga nan yake fitowa. Dafewar launin kuma aikin iska ne a kan ayaba, kamar yadda yankakkiyar tufa take yin duhu.

Ni ga yadda nake yi. Ranar da nake da sarari ina wanke ganye sosai, in yanka ayabar da ta nuna, in raba su a ƙananan leda, kowace ta kwana ɗaya, in jefa firiza. Da safe sai in fara markaɗa ganyen da ruwa ko madara kaɗai har sai babu ɗigon ganye ko ɗaya, sannan in zuba 'ya'yan itacen. Minti uku an gama. Daskararriyar ayaba tana ba shi kauri, ba sai kin sa ƙanƙara ta tsinka miki shi ba. In dai dole sai ya kwana, ki sa mangwaro a madadin abarba, ki matsa lemun tsami, ki cika kwalbar har baki.

Abu Hanan:
Hajiya, maganar yunwa kuwa, haɗin naki kusan duk zaƙi ne. Matsakaiciyar ayaba ɗaya tana da sukari wajen giram 14, ke kuma biyu kike sawa, ga abarba. Ki rage ayabar ta koma ɗaya, ki ƙara ots cokali uku, da yogot marar sukari ko cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Furotin da maiƙo su ne suke zama a ciki. Kar kuma ki tace, dusar da ake zubarwa ita ce fayibar. Ni dai ban yarda sumuti ya fi tauna ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma, a lissafin ganye da 'ya'yan itacen da take so a riƙa ci, mililita 150 na sumuti kawai take ƙirgawa a rana, komai yawan da mutum ya sha. Shi ya sa nake dafa ƙwai ɗaya a gefe.

Anti Mai Shiru:
Bari in tsoma baki kaɗan, ƙanwata. Alayyahu yana da wani sinadari, okzalet, da yawa, kuma akasarin tsakuwar ƙoda daga shi da kalsiyam take haɗuwa. Wanda ya taɓa yin tsakuwa kar ya lazimci ɗanyensa kullum, ya riƙa sauyawa da latas ko kokwamba. Yogot ɗin da aka ambata yana taimakawa, don kalsiyam ɗinsa yana kama okzalet tun a hanji. Mai shan warfarin, maganin hana jini gudajewa, kuma ya fara tuntuɓar likitansa, saboda bitamin K na ganye yana rage ƙarfin maganin. Mahaifiyata tana sha, shi ya sa ko kurɓi ba na miƙa mata sai da sanin likita.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe na markaɗa, ayaba ɗaya daga firiza, ots da yogot, abarbar na sha abata daban. Kore shar ya fito, babu ɗaci, kuma har sha biyu da rabi ban nemi komai ba. Sai dai ots ɗin na ji shi tsaki-tsaki a baki. Uwar Kicin, jiƙa shi ake yi tun dare, ko bilendar tawa ce ta gaji?