Me ya sa ganyen shukata mai launin shunayya yake komawa kore?

MaiSonFure: Assalamu alaikum. Na dasa Tradescantia pallida a tukunya saboda ina ƙaunar launinta na shunayya, amma tun da na mayar da ita ƙarƙashin rumfa sai sababbin ganyen suka koma kore, rassan kuma suka yi tsawo suna langaɓewa. Shin ciwo ne, ko akwai abin da ya kamata in gyara?

DattijonLambu: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan ba ciwo ba ne, ƙarancin rana ne. Launin shunayya yana fitowa daga wani sinadari da ake kira antosayanin, wanda shukar take ƙara samarwa idan rana tana dukanta sosai, amma a inuwa sai ya ragu, koren ganyen ya bayyana. Ki mayar da ita inda za ta samu rana ta awa 6 ko fiye, ki datse rassan da suka yi tsawo, sannan ki soka su a ƙasa mai ɗanshi domin suna yin saiwa cikin sauƙi. Ki kuma rage takin zamani mai yawan naitirojin.

MaiDashe: Malam ya yi gaskiya. Idan kuwa rumfar ce kike son ƙawatawa, ki nemi Strobilanthes dyeriana, wadda asalinta daga Miyanmar ne, domin ta fi son inuwa mai ɗan haske, ganyenta kuma yana sheƙi.

MaiSonFure: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fitar da tukunyar gobe da safe.